Farfaɗo da tsohuwar motar kwana-kwana, Marsandi LAF 1113: littafin aiki

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Yau aka janyo motar daga harabar wata masana'anta da ta rufe a Sharaɗa, cikin Kano, aka kai ta gareji. Marsandi ce LAF 1113, ƙirar 1979, mai gajeren hanci irin na 911 da kowa ya sani, sai dai ita tana ja da gaba da baya. An ƙera ta ne don 'yan kwana-kwanan Jamus, a ajin da suke kira TLF 16/25: famfo mai fitar da lita 1,600 a minti ɗaya, tankin ruwa na wajen lita 2,500, da kan mota mai cin mutum shida. Farantin jikin ƙofa ya ce iyakar nauyinta, ita da kayanta, kilo 11,000 ne. Injinta OM 352, silinda shida, lita 5.7, ƙarfin doki 130, ba turbo.

Mita na nuna kilomita 31,400 kacal. Kada wannan ya ruɗi mai saye. Motar kashe gobara zama ne ke cin ta, ba hanya ba. A tashe ta inji da sanyi a tsere kilomita biyar, ta tsaya wuri ɗaya inji na juya famfo, sannan ta koma rumfa ta yi wata ba ta motsa ba. Agogon famfo ya nuna awa 610, kuma mitar tafiya ba ta lissafa ko ɗaya a ciki ba. Mai gadin wurin ya ce rabon da a tashe ta tun kafin korona.

Aikin da ake so ta yi biyu ne: kai ruwa ga dashen mangwaro da lemo a wata gona a yankin Kura, sannan ta riƙa kwana cike a bakin siton shinkafa saboda gobarar hunturu.

Ba da igiya aka ja ta ba. Birkinta na mai ne, amma iska ke ba shi ƙarfi, kuma tukunyar da ke tara iskar ba komai a ciki, don haka sandar ƙarfe aka ɗaura. An kwance furofela biyu, ta gaba da ta baya, domin jan mota mai nisa inji a kashe yana juya cikin giya ba tare da mai ya kai ko'ina ba.

Kuɗin mota ₦6,200,000. Janyowa ₦90,000.

Talata, 8 ga Oktoba

Ba a taɓa makulli ba tukuna. An sa soket a notin fuli na gaba, aka juya inji da hannu zagaye biyu cikakku. Ya juya, ana jin nauyin matsi sau shida, ba inda ya cije. Da ya cije, da sai an cire nozul an zuba mai a silinda an bar shi ya jiƙa.

A tankin gas an tarar da kusan lita 40 na tsohon mai, ya yi duhu, ƙasansa ruwa ne da wani baƙin abu mai yauƙi. Ƙananan halittu ne ke haifar da shi, suna rayuwa a inda ruwa ya haɗu da gas, kuma shi ne ke toshe filta kwana kaɗan bayan an sa sabo. An sauke tankin, an wanke, an shanya a rana, an hura bututai da iska. 'Yar kwalbar gilashin da ke ƙarƙashin famfon hannu ma rariyarta ta toshe gaba ɗaya.

Inda aka fi daɗewa shi ne injekta. Na Bosch ne, mai jere, kuma a cikinsa akwai wata sanda mai haƙora da ke ƙara mai ko rage shi. Mota in ta daɗe a ajiye sandar kan manne, in kuwa ta manne a wurin cikakken mai, inji zai tashi ya yi ta hawa har ya tarwatse. An buɗe murfin gefe aka tura ta da yatsa: tana tafiya da nauyi, ba ta dawowa da kanta. An yi ta wanke ta da gas mai tsabta ana motsa ta har ta saki.

Kayan inji ba su da wuya. Shi ne dai injin 911, motar da ta cika ƙasar nan, wadda a kanta aka gina molue ɗin Legas, kuma kamfanin ANAMMCO na Inugu ya harhaɗa manyan motocin Marsandi tun farkon shekarun 1980. Filta, fanbel da tiyon lagireto duk a Ƙofar Ruwa aka same su, ₦68,000.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Batir biyu sabbi, kowanne volt 12, an haɗa su a jere suka ba da 24. ₦270,000.

Kafin a murɗa makulli an cire bututun iska daga filta, mutum ɗaya ya tsaya riƙe da katako mai faɗi don toshe bakin in inji ya gudu. Tsumma ba ya yi, inji zai zuƙe shi. Tafin hannu kuwa kada ma a fara. An fitar da iska daga layin mai: a sassauta sukurun kan filta, a yi ta buga famfon hannu har kumfa ta ƙare, a ɗaure, sannan a yi haka a sukurun jikin injekta.

Ta tashi da farin hayaƙi, tana rawa, silinda ɗaya ba ya ci. Gano shi ba wuya: a sassauta notin bututun mai a kan injekta ɗaya bayan ɗaya, wanda aka sassauta sauti bai canja ba shi ne mai laifi. Na huɗu ne. An kai nozul shida wurin mai gwaji. Ya kamata su buɗe in matsi ya kai wajen bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) su yi feshi kamar hazo. Na huɗu yana tsiyaya tun a 140, wasu biyu feshinsu ya karkace. An canja bakin duka shidan, da gwaji ₦120,000. Tun da murfi a buɗe yake, an saita bawul inji da sanyi: milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita, ana bin jerin 1-5-3-6-2-4.

Makulli ba ya kashe wannan injin. Maɓallin birkin inji da ke ƙasa ake takawa, shi kuma da iska yake aiki, tukunya kuwa ba ta tara ba. Da hannu aka ja libar tsayarwa a jikin injekta. Mai tashin irin wannan mota karon farko ya nemo inda libar take tun kafin ya fara.

Asabar, 12 ga Oktoba

Canjin mai kawai. Baƙin mai 15W-40 lita 14 da filta, man giya a babban akwati, ƙaramin akwati mai raba ja, da dif biyu. Na dif ɗin baya ya fito fari-fari, alamar ruwa ya shiga ta ramin numfashi. An wanke, an zuba sabo. Giris a duk inda ke da bakin ɗura giris. ₦185,000.

Laraba, 16 ga Oktoba

Birki. Nan zama ya fi yin ɓarna.

An fara da ɓangaren iska. Kwamfuresa na tarawa amma allura ta tsaya a bar 4. Ruwan sabulu ya nuna yoyo wuri uku, mafi girma a bawul ɗin ƙasan tukunya, inda ake tsiyaye ruwa. Da aka kwance shi, ruwan tsatsa ya cika kwano. Bayan gyara allura ta kai 7.3, bawul mai yanke iska ya yi atishawarsa, aka kashe inji aka bar ta, ba ta sauka sosai ba.

Ɓangaren mai ne ya ƙi. Man birki yana shan danshin iska, kuma ruwan da ya sha yakan kwanta a ƙasan silinda ya ci ƙarfe. A ƙafafu huɗun, biyu fistin ɗinsu ya manne ƙam, sai da aka sa famfon giris a bakin silinda aka turo su waje. Ta baya hagu ta fi muni, cikin silindar ya yi ramuka har farce na kamawa. Irin wannan ba a goge shi a sa sabuwar roba. Zai riƙe mako biyu ya koma yoyo. Canji ne. Masta, babbar silindar da ke tura man birki zuwa ƙafafu, ma haka.

Bututun ƙarfe da ke bin shasi zuwa baya ya ruɓe daidai ƙarƙashin tankin ruwa, inda ruwa ya shekara yana ɗiga. Daga waje lafiya lau, amma da aka kankare tsatsar da wuƙa sai mai ya fara zufa. Wani a garejin ya kawo shawarar a sa bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji, wai ya fi sauƙin lanƙwasawa. Ba a yarda ba. Ba don matsin birki aka yi shi ba, kuma girgiza na sa shi ya tsage a bakin noti. An sayi na ƙarfe aka yi masa baki da na'urar da ta dace. Tiyon roba na ƙafafu duk an canja, domin tsohon tiyo kan kumbura ta ciki, ya bar mai ya je ya hana shi dawowa, birki ya kama ya ƙi saki.

Matsala ɗaya ba ta da magani a kasuwa yau. Sil ɗin aksul na gaba dama yana yoyo, man giya ya jiƙa lainin. Kayan ƙafar baya sun yi daidai da na manyan Marsandin da ke hanya, amma yawancin 911 na nan baya kawai suke ja, don haka kayan aksul mai ja na gaba ba kowane shago ke da su ba. An auna sil ɗin, ciki da waje da kauri, an ba masu kayan Beljiyam lamba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Jiran kaya. An wanke daram, an kai lainin na gaba a sake masa fata. Lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, ko an ƙona shi da wuta mai zai sake fitowa in ya yi zafi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tayoyi shida, 9.00 R20, ɗaya-ɗaya a gaba, bibbiyu a baya. Zanensu kamar ba a taɓa hawa ba. Lambar DOT a gefe ta ƙare da 237 da ɗan alamar kusurwa uku: mako na 23 na shekarar 1997. Duk tayar da lambar shekararta uku ce, kafin 2000 aka yi ta. Da aka leƙa tsakanin tayoyin baya da tocila, gefen ciki duk ya tsattsage. Taya mai shekara 27 da za a ɗora mata tan goma a kwaltar Maris ba abin gwaji ba ce.

An sayi shida iri ɗaya, girma ɗaya. A mota mai ja gaba da baya wannan dole ne, domin in tayar gaba ta fi ta baya girma, ƙaramin akwati ne zai biya. Kowace ₦235,000, tub da filaf ₦22,000, jimla ₦1,542,000.

Wilin mai zobe ne. An goge tsatsar ramin da zoben ke zama da burushin waya, zobe ɗaya da ya ɗan buɗe aka yar da shi. Wajen hura iska, an ɗaure kowace taya da sarƙa wuri biyu, zobe na kallon bango, mai faci ya tsaya a gefe da dogon tiyo. Ya ɗan yi gunaguni, ya ce shekara da shekaru yana yi ba sarƙa. Zoben da bai zauna ba in ya tashi kai yake nema.

Alhamis, 31 ga Oktoba

An haɗa birki, an fitar da iska da man birki DOT 4, daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Sil na wucin gadi a gaba dama, girmansa ya yi amma leɓe ɗaya gare shi. Kaya da aiki na birki baki ɗaya ₦410,000.

Gwajin hanya ba kaya: giya biyar duk suna shiga, gudu ya tsaya wajen 85. Birki na kamawa daidai. Amma da aka tsaya aka bar inji na aiki, allurar zafi ta wuce 95. Wannan babbar magana ce ga motar da rabin aikinta a tsaye ne, ba iskar hanya. An sauke lagireto, an buɗe, kusan kashi uku cikin goma na bututansa a toshe. An kuma tarar wani ya taɓa cire tamostat, kamar yadda aka saba a nan. A wannan injin cirewar ƙara zafi take, domin tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba. An mayar da mai buɗewa a wajen 80. ₦75,000.

Talata, 5 ga Nuwamba

An buɗe murfin tankin ruwa. Na ƙarfe ne, fentin ciki ya ɓare, ƙasa ta tara ɓawon tsatsa kaurin yatsa biyu. Guduma ta ratsa kusurwar baya ba da ƙarfi ba. Faci a nan asara ce, sabo za a yi.

Tun da sabo ne, sai maganar girma ta taso. Manajan gona ya ce, "Alhaji, a yi mana na lita dubu biyar kawai, ai motar babba ce." Maimakon musu aka kai ta sikeli, ₦10,000. Ba ruwa, ba mutum, gas rabin tanki: kilo 7,140.

Lissafin ga shi. Tsohon tanki kilo 430. Akwatunan gefe, ma'ajin tsani a sama da abin naɗe tiyo ɗaya da za a cire, kilo 380. Saura 6,330. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 5,000 shi kansa zai kai kilo 780, jimla 12,110, wato an haura faranti da fiye da tan ɗaya tun direba bai hau ba. Inji zai ja, ba shi ne matsalar ba. Birkin daram da sifirin ɗin da aka yi don tan 11 su ne ba za su ɗauka ba, kuma a gangara ko kwana za a gane.

An tsaya a lita 3,600: tsawo mita 2, faɗi 1.8, tsayi mita 1. Faranti mai milimita 4 nauyinsa kilo 31.4 ne a kowace murabba'in mita, jikin tanki murabba'i 14.8, wato kilo 465. Da shingayen ciki, murfi da ƙarafan ƙarfafawa zai kai 620. Cike da ruwa motar za ta zama 10,550, saura 450 na mutane da tiyo.

An zaɓi mai faɗi gajere a kan dogo siriri don nauyi ya kwanta ƙasa. Shingaye uku a ciki, faranti milimita 3: biyu a gicciye, ɗaya a tsawo, kowanne da yanka a kusurwar ƙasa don ruwa ya ratsa, da rami a sama don iska. Tanki ba shinge, in ruwa rabi ne, a taka birki ruwan ya taho gaba, a sha kwana ya koma gefe ɗaya. Kuma motar ban-ruwa rabin ranarta da rabin tanki take yawo.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mai rewaya. An cire jiniya, shuɗayen fitilun sama da wayoyin tsohuwar rediyo. Jiniya ba ta halatta ga motar gona ba, kuma ba a son jama'a su ɗauka ta gwamnati ce. Wani ya taɓa jan volt 12 daga batir ɗaya. Haka ke sa ɗaya ya riƙa mutuwa ɗayan na dahuwa. An yanke, an sa 'yar na'ura mai sauke 24 zuwa 12. An ƙara makullin yanke batir da fitilar aiki biyu a baya. ₦95,000.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Famfo. Na Ziegler ne, FP 16/8, a bayan mota, wata ƙaramar furofela ke juya shi daga jikin giya. Ma'anar lambar: lita 1,600 a minti, a matsin bar 8, in zurfin zuƙo bai wuce mita 3 ba.

Irin wannan famfo ba ya zuƙo ruwa sai an fitar da iskar cikinsa. Masu wannan aikin wasu ƙananan fistin ne biyu a gefensa, ana kiransu Trokomat. Da kansu suke farawa, kuma ruwa na kai matsin wajen bar 2 sai su tsaya. Gwajin da ke nuna lafiyar duka shi ne zuƙo a bushe. A rufe duk bakunan fita, a sa murfi a bakin zuƙo, a rufe ƙaramin famfon tsiyaya na ƙasa, a taka kuloci a ɗan jira, a sa giyar famfo. Allura ta sauka zuwa 0.8 ƙasa da sifiri cikin daƙiƙa 30. A tsayar, a duba agogo: cikin minti ɗaya kada ta koma fiye da 0.1. Kada a ja gwajin da tsawo, famfo ba ruwa sil ɗinsa na ƙonewa.

Allurar tamu ta kai 0.3 ta tsaya, ana kashewa ta koma sifiri. Neman inda iska ke shiga da kunne ɓata lokaci ne. Juya abin aka yi: aka cika famfon da ruwa daga durom a sama, aka bi ana duba ɗiga. Wuri uku: robar murfin zuƙo, famfon tsiyaya, da babban bawul mai zuwa daga tanki. Da aka buɗe Trokomat, robobin cikinsa sun bushe sun yi tauri, ɗaya ta karye a hannu. An yanko madadin daga faifan roba mai kauri ɗaya da su. Ba tub ɗin taya ba, ya yi laushi, zai naɗe. An ba da saƙon na asali.

An leƙa ta bakin zuƙo da tocila: tsakuwa biyu da guntun leda a maƙale a fuka-fukan ciki, zoben da ke kewaye da su ya ɗan karce amma bai kai a canja ba. Bayan gyara allura ta kai 0.8 a daƙiƙa 22, ta koma 0.75 cikin minti. Ya ci. ₦140,000.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

An gama tanki. Walda ciki da waje, fentin ifoksi hannu biyu a ciki. Kafin walda a jikin mota an cire batir da wayar alternato. Ba a yi walda ko huda a leɓen shasi ba. Tankin na kan ƙaramin shasinsa, a ɗaure ƙam a baya, a gaba kuma dogayen kusoshi da sifirin. Shasin wannan mota murɗawa yake a hanyar gona, tankin da aka ɗaure ta kusurwa huɗu zai tsage a ɗinki. Faranti, fenti da aiki ₦1,350,000. Tsohon ƙarfe an sayar wa 'yan gwangwan ₦280,000.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Gwajin cikawa na farko, da famfon motar kanta. Ruwa na kaiwa sama sai aka ji tankin ya yi ƙara, rufinsa ya taso a tsakiya, mai riƙe da liba ya yi maza ya rage wuta. An ɗora doguwar sanda a kai: kumburin ya kai santimita biyu. Ɗinki bai buɗe ba.

Bututun ambaliya ne. A zane inci huɗu aka rubuta, mai walda ya sa inci biyu da ya tarar a shago. "Yallaɓai, ai iska ce kawai za ta bi ta nan," in ji shi. Iska ce har tanki ya cika. Daga nan duk ruwan da ke shigowa ta bututun inci uku da matsi, ta nan zai nemi fita. Rufin murabba'in mita 3.6 ne. Matsin bar 0.2 kaɗai a kansa ya haura tan bakwai, tanki mai kusurwa kuwa ba don matsi aka yi shi ba.

An yanke, an sa inci huɗu, ya tashi daga tsakiyar rufi ya lanƙwaso ya sauka bayan tayar baya, don kada ruwa ya koma ɗiga a kan bututun birki. An danne rufin da jak, an ƙara angul biyu a gicciye, an sake fentin inda wuta ta taɓa. Dokar cikawa daga yau: kada matsi ya wuce bar 2, a rage wuta tun ruwa na kashi uku cikin huɗu. ₦45,000.

Asabar, 7 ga Disamba

An kai ta gona. Sikeli a hanya, cike da ruwa da tiyo: 10,610. Saura kilo 390, wato direba da mutum uku, ba buhun taki a kujerar baya. Giyar ƙarfi mai haɗa gaba an sa ta ne bayan an sauka daga kwalta. A wannan motar ba dif tsakanin gaba da baya, a kan kwalta sai ta ɗaure kanta.

Bakunan tiyo irin na Jamus ne, Storz, masu murɗawa, ba mace ba namiji. Na zuƙo milimita 110, manyan na fita 75, ƙanana 52. An yi dace: tiyon ban-ruwa na inci uku ya zauna a kan 75, na inci biyu a kan 52, kilif biyu-biyu. Robar bakin zuƙo da ta bakin fita ba ɗaya ba ce, leɓensu ya bambanta, in aka musanya iska za ta shiga. Yawancin 'yan kwana-kwanan nan bakin Ingila suke amfani da shi, inci biyu da rabi, don haka an sa mai injin juya ƙarfe ya yi mahaɗi biyu, ko da wata rana za a ba motarsu ruwa. Tiyo da mahaɗai ₦210,000.

Zuƙo daga tafkin gona, tsayin wajen mita biyu da rabi: ruwa ya kama nan take, tanki ya cika ƙasa da minti shida ba a matsa wuta ba. An rataye rariya a jikin jarka ba komai, ta nutse kamar kamu biyu ba ta taɓa ƙasa ba. Yashi ne ajalin wannan famfo. In rariya ta kwanta a laka, ba zai kai damina ba. Da ganye ya rufe rariyar, famfo ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a ciki, allurar zuƙo ta nutse, ta fita ta faɗi. Ƙara wuta ƙara ɓarna ne. A rage, a share rariya.

Tafkin zai ja baya zuwa Afrilu. A zurfin mita 7.5 rabin ruwa kawai aka yi alkawarin famfon zai ba da, kuma tudun ƙasar Kano, kusan mita 500 sama da teku, yana cin wajen rabin mita a kan haka. Gara a gyara gangara motar ta sauka kusa da ruwa.

Wajen ban-ruwa bar 2 zuwa 3 ya isa, inji a ƙasa-ƙasa. In aka buɗe mata duka, lita 3,600 minti biyu da kwata ne. Duk lokacin da aka rufe tiyo don matsawa wani layi, a buɗe bawul mai mayar da ruwa tanki, in ba haka ba ruwan cikin famfo zai yi ta juyawa har ya yi zafi. Allurar zafin inji ta zauna a 85 duk yinin.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya sauka. Filtar iska mai kwanon mai ce. An buɗe bayan mako ɗaya a gona, ƙasan kwanon ya yi laka. Za a riƙa wanke shi duk Asabar har ƙura ta ɗauke, a zuba mai daidai layi, kada ya wuce, inji na iya zuƙe shi. Tukunyar iska a tsiyaye ta kowace safiya. Shan gas a hanya wajen lita 20 a kilomita 100.

An gwada ta a bakin sito da tiyo biyu na inci biyu. A lita 200 kowanne, ruwan minti tara ne. Ya isa wutar da ta fara a buhu ko ciyawa, bai isa siton da ya kama ba. An rubuta lambar 'yan kwana-kwana a ƙofar mota da ta sito, su za a fara kira.

Abin da aka kashe bayan kuɗin saye, ban da gas, ₦4,610,000. Taya da tanki sun ci ₦2,937,000 a ciki; gyaran inji da lagireto ₦263,000.

Saura: fenti, a rufe ja da rubutun Jamusanci da lambar 112, a sa tef mai ƙyalli gefe da baya, sannan a kai ta wurin 'yan VIO takardu su nuna sabon launi da sabon aiki. Tayar safaya, ta bakwai, ba a saya ba tukuna. Robobin Trokomat na asali suna hanya. Sil na gaba dama ya fara jiƙa bayan daram. Har na asali ya zo, za a duba man dif ɗin gaba duk mako, kuma in mai ya kai lainin motar za ta tsaya.